Orval da Motar Baɗi

Ni da Orval Tiedeman mun shafe shekaru muna cin abinci a teburi ɗaya kowace Lahadi, kuma ban tuna ranar da muka tashi daga teburin nan ba mu yi faɗa a kan mota ba. Mijin yayata Lorene ne. Yana aiki a shagon Mista Fenske, dillalin motocin Hallam, ni kuwa ina sayar da motocin Tarbell a ɗaya ƙarshen titin. A garinmu na Pruitt, mutum kan sauya coci a yi masa uzuri, amma in ya sauya mota sai an yi da shi har wurin jana'izarsa. Gidan da kaka ya hau Hallam, jika ma Hallam zai hau, ko da kuwa sai an tura ta kowace safiya.

"Del," zai ce da ni yana yankan nama, "jiya na ga wani gwangwaninku a bakin hanya, bonet a ɗage. Kai ka cuci mai ita?"

"Hutawa take yi. Taku ai ba ta taɓa yin nisan da za ta gaji ba."

"Tafi can! Motar da in ka rufe ƙofarta sai ka ji kamar an yar da kwano?"

"Taku fa? In an rufe sai an kira maƙeri kafin a fita."

Lorene takan buga cokali a teburi ta ce in ba mu yi mata shiru ba kare za ta juye wa abincin. Sai mu yi shiru na ɗan lokaci, kafin a kawo kofi mun koma.

Maganar gaskiya, Hallam mota ce mai ƙashi, injinta ba ya mutuwa, sai dai muni gare ta, ga shan mai. Tarbell kuwa kyakkyawa ce mai sauƙin saye, amma 'yan shekaru kaɗan tsatsa ta cinye mata ciki. Kowannenmu ya san aibin tasa, ba dai ka ji a bakinsa ba. Orval ma har taƙama yake yi wai tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa tsayawa ya ƙare wa Tarbell kallo ba. Kuma ba ƙarya yake yi ba. In ta taho ta dama, sai ya kau da kai hagu ya tofar da yawu.

Ɗan manoma ne. Shekarun fari suka cinye gonar mahaifinsa, ya shigo gari da akwati ɗaya da manyan hannuwa. Mista Fenske ya ɗauke shi wankin mota, a wankin motar nan kuma ya tsufa. Bai zama bakanike ba, bai zama mai sayarwa ba, bai taɓa mallakar sabuwar mota ba, wata tsohuwar Hallam ta kafin yaƙi yake ja. Allah bai ba su haihuwa ba. In ka gan shi sauran watannin shekara da tsumma a aljihun baya, ba za ka sake waiwayarsa ba. Amma da zarar Satumba ta kama, duk gundumar nan babu wanda ya kai shi daraja, har da alƙali.

Domin a Satumba motar baɗi take zuwa. Tirela ta ɗauko ta a lulluɓe da tamfol, ba ta bi ta cikin gari ba, ta zarce wata tsohuwar barga a bayan gari. Orval ke karɓa, shi ke riƙe da makulli. Shi ke hawa tsani ya liƙe gilasan shago da takarda tun daga sama har ƙasa, kada wani ido ya leƙa kafin ranar da kamfani ya sa. Daga nan gari ya shiga ɗoki. Mata su aika masa da kek ɗin tuffa, mai aski ya ƙi karɓar kuɗinsa.

"Haba Orval, ko launin kawai ka faɗa mana."

"Tayoyinta huɗu," zai ce, ya ci kek ɗinsa ya tafi.

Ko Lorene ba ta taɓa jin komai daga bakinsa ba, ga shi kuwa ta gwada lallashi ta gwada fushi. Ranar buɗewa sai ya saka farar riga da kwat ɗin aurensa. 'Yan badujalar makaranta su jeru a waje, a raba kofi da kolaci, wani ɗan burodi mai zaƙi, kyauta, Mista Fenske ya yi jawabin da ya yi bara da bara waccan. Sannan a yage takardar gilasai, Orval ya kama gefen mayafin ya ja. Ni abokin gaba ne, amma ban taɓa fashin zuwa ba. Nakan tsaya can baya ina kallon fuskarsa, domin shi ba motar yake kallo ba, mutane yake kallo yadda suke sakin baki.

Wata Lahadi Lorene ta tambaye mu, wai ta yaya ana cikin bana, masara ma ba a gama cirewa ba, mu kuma muna sayar da motar baɗi. Orval ya ce ai manomi a kaka aljihunsa ke da nauyi, in ka jira Janairu dusar ƙanƙara ta rufe hanya, abin da ya samu kuma ya tafi wajen takalman yara. Ya ƙara da abin da Mista Fenske ke faɗa, wai tun zamanin matsin tattalin arziki aka roƙi kamfanoni su dawo da fitar da mota kaka don ma'aikata su samu aikin hunturu. Na ce duk na ji, amma ni da nake sayarwa na san dalili na uku. Babu kamfanin da zai yarda maƙwabcinsa ya riga shi. Kuma mutumin da ya kwanta Juma'a yana son motarsa, so ake ya tashi Asabar ya gan ta ta tsufa. Na ce motar baɗi ai ta bara ce, an dai sauya mata fuska an ƙara mata wutsiya.

Orval ya ajiye cokali ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa. "Kai dai ba ka da imani," ya ce.

Tari ya fara masa a farkon 1957. Kafin tsakiyar shekara an kai shi asibiti a Omaha, likitoci suka buɗe ƙirjinsa suka gani, suka mayar suka ɗinke. Ciwon daji ya riga ya gama da huhun. Aka dawo da shi ɗakunansu da ke saman shagon kayan gini, daidai tsallaken shagon Mista Fenske. Ya ce a ja masa gado bakin taga.

Ban taɓa ganin wanda ya karɓi mutuwa da kwanciyar hankali irin Orval ba. Ya raba kayan aikinsa. Ya zaɓi waƙar da za a yi masa a coci. Ya ba ni bindigar farautarsa, ya ce ko da yake mai sayar da Tarbell ba zai iya harbin ko garu ba. Lorene na kuka shi yana rarrashinta.

"Daina, Lorene. Ni na shirya. Abu ɗaya ya rage mini, in ja mayafin motar baɗi, sai in tafi abina."

A watan Agusta wani mutumin kamfani ya zo wurin Mista Fenske. Bai ko zauna ba. Ya ce masana'antar Hallam za ta rufe, babu motar baɗi, babu ta baɗin baɗaɗa, abin da ya rage a shago a sayar yadda ya samu. Mista Fenske ya tsallako titi ya tsaya a ƙasan bene da hula a hannu, ya faɗa wa Lorene a hankali. Ranar nan ta cire wa rediyo waya ta ce ya lalace. Jarida kuma ta ce likita ya hana, ƙurar takarda na tayar da tari. Duk mai zuwa dubiya sai ta tare shi a matakala ta kafa masa ido, ta ce duk wanda ya furta maganar nan a sama kada ya ƙara sallama da ita har abada.

Satumba ta kama, Orval ya fara tambaya. "Me ya samu Fenske ne? Har yanzu bai liƙe gilasai ba."

Washegari da safe sai ga Mista Fenske, tsoho mai ciwon gwiwa, a kan tsani da takarda da gam. A cikin shagon babu komai sai teburinsa da wata Hallam ta bara guda ɗaya da ta yi kwantai. Orval ya sa aka ɗaga masa taga.

"Mista Fenske! Ta karkace! Ɗaga hannun hagu! Haba, shekara nawa kana kallona ina yi?"

"To, Orval," in ji tsohon, bai juyo ba, don kada a ga fuskarsa.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, mu kuwa muka yi ta kutsawa ciki. Ranar buɗewar Tarbell ta zo ta wuce. Sauran kamfanoni duk suka buɗe. Orval ya tambayi rana, muka ce ƙarshen wata. Ƙarshen wata ya zo, muka ce ma'aikatan ƙarfe sun yi yajin aiki. Bayan nan muka ce jirgin ƙasa ne ya makara. Ba zan ɓoye ba, jira muke mutuwa ta zo ta rufa mana asiri. Babu wanda ya faɗa da baki, amma kowa ya san abin da ɗan'uwansa ke jira.

Mutuwa ta ƙi zuwa, ko kuma in ce Orval ya ƙi sakin hannu. Mutumin da ke ɗaga bayan mota shi kaɗai ya koma ƙashi da fata. Ruwa ma da ƙyar yake haɗiyewa. Abin da ya fi tayar da hankali, ya ƙi allurar rage ciwo, wai tana sa shi dogon barci.

"In na yi barci ranar ta wuce fa? Fenske ya sa wani can ya ja mayafin?"

Sai ya cusa matashi a baki in ciwon ya taso. Duk da haka masu sayen ƙusa a shagon ƙasa suna jin nishinsa ta cikin silin, wasu su ajiye kaya su fita. Likita ya ce da ni shi dai iliminsa ya ƙare, mutumin nan ya kamata a ce an binne shi tuni, wani abu ne ke riƙe da shi. Mu duka mun san abin.

Wata rana da tsakar rana ina tsaye da wani manomi ina yaba masa sabuwar Tarbell, sai ga Lorene ta faɗo shagon da silifas na cikin gida. Ba ta gai da kowa ba. Ta cafki kwalar rigata.

"Del, ka samo mini mota."

"Yaya, wace mota? Sakar ni mu je ciki."

"Motar baɗi. Ta Hallam. A nuna masa ya huta."

"Daga ina? Kamfanin ya mutu, Yaya, ni zan tashe shi?"

"Jiya ya ciji harshensa har jini. Yau ya roƙe ni in ɗaure masa hannuwa a gado kada ya yaga ɗinkin. Kana ji na? Na gaji da roƙon Allah ya ɗauki mijina, shi kuma yana roƙon a bar shi!" Ta girgiza ni. "Ba kai ne mai baki ba? Ba kai ka ce motar baɗi ta bara ce aka sauya wa fuska ba? To, ga ta bara can a shagon Fenske. Sauya mata fuskar!"

Manomin ya saka hularsa ya sulale. Ni kuwa na tsaya da baki buɗe, tsoro ya kama ni, domin na ga da gaske take.

Mutum ɗaya ne a Pruitt zai iya wannan aiki, Cletus Wahl mai fanel-bita, wanda ke da gareji da filin matattun motoci a bayan ma'ajiyar hatsi. Shi ma mutumin Tarbell ne, shekara da shekaru ba ya ga maciji da Orval. Na faɗa masa abin da ke tafe da ni, ya daɗe yana goge hannu da tsumma.

"Kai Del, ka fara shaye-shaye da rana ne? Mutumin da ya san kowane noti na Hallam za mu yi wa wayo da guduma?"

"Idonsa ya yi rauni."

"Hannunsa fa? Yana shafawa zai gane."

"To faɗa mini wata dabarar. Ko kuwa ka zo ka kwana a ƙasan ɗakin nan ka ji abin da muke ji."

Ya yi tsaki, ya zagi Hallam da wanda ya ƙera ta, sannan ya ce a kawo motar.

Motar nan ita ce abu na ƙarshe mai daraja da ya rage wa Mista Fenske, kuma ya san da zarar zarto ya taɓa ta babu mai sayenta. Da kansa ya tuƙo ta ta ƙofar baya, ya miƙa wa Cletus makulli ya koma a ƙafa.

Muka shiga aiki. Ni da ban taɓa riƙe abin da ya fi alƙalami nauyi ba, na koma ɗan riƙe ƙarfe. Cletus ya cire ragar gaba ya yar. Ya yanko wata daga jikin motar ɗaukar gawa da ta yi haɗari, ya faɗaɗa ta. Ya mai da fitilun gaba biyu-biyu, irin yayin da ake yi a shekarar. Ya yanka fallen ƙarfe ya ƙera mata fukafukan baya dogaye. Na farko ya tsage muna cikin walda, muka sake. Na biyun ya fito ɗaya ya fi ɗaya tsawo, Cletus ya yi jifa da guduma har ta fasa taga. Maigidana ya aiko a faɗa mini in ban dawo shago ba in nemi wani aikin. Na ce a ce masa na ji.

Da muka zo fitilun baya muka rasa abin sakawa. Duk filin nan babu masu kyau sai na wata Tarbell ta bara da ta daki bishiya.

"Waɗannan ko makaho ya san na Tarbell ne," in ji Cletus.

"Orval bai sani ba. Bai taɓa kallonta ba."

Ya dube ni, ya dubi fitilun, ya ɗauki sukudireba.

Kullum Lorene na aiko da saƙo, kuma kullum saƙon ya fi na jiya muni. Orval ya daina cin komai. Ya fara kiran sunan mahaifiyarsa. Ya farfaɗo ya tambayi rana. Lorene ta riga ta ce masa Asabar, don ba ta da sauran ƙaryar da za ta yi. Muka fesa fenti ranar Alhamis, sama ruwan madara, ƙasa ja, don su kaɗai Cletus ke da isassu. Sai ruwan sama ya tsuge. Fenti ya ƙi bushewa. Muka aro na'urorin ɗumama ɗaki daga gidajen mutane muka kewaye motar da su, muna zaune muna kallonta. Da Cletus ya taɓa ƙasan ƙofa da yatsa ya ga ja a yatsan, sai da ya fita waje ya yi ihu.

"In ya mutu kafin Asabar," ya ce da ya dawo, "wallahi sai na tono shi na nuna masa."

Bai mutu ba. Asabar da safe muka shigar da ita ta ƙofar baya, muka lulluɓe ta a hankali kada mayafi ya manne.

Ban gayyaci kowa ba, amma duk garin ya zo. Kowa ya san babu Hallam, kowa ya san abin da ke ƙarƙashin mayafin, domin a Pruitt ba a ɓoye aro na'urar ɗumama ɗaki. Duk da haka suka saka kayan coci suka zo. Matan gari suka toya kolaci. Malamin makaranta ya jera 'yan badujala a bakin titi. Har mutanen Tarbell da ba su taɓa taka shagon nan ba suka cika bayan ɗaki, maigidana ma na hango shi a bakin ƙofa.

Mu huɗu muka sauko da Orval a kan kujerar kicin, amma mutum ɗaya ma ya isa. Kwat ɗin aurensa ya yi masa yawa, wuyansa na yawo a cikin kwala. Likita na biye da mu da jakarsa, sun yi yarjejeniya da Lorene cewa da an gama za a yi masa allurar. Muna tsallaka titi mutane suka cire huluna.

"Ku mayar da hulunanku," in ji Orval da 'yar muryarsa. "Ba gawa aka ɗauko ba tukuna."

Mista Fenske ya fara jawabi. Ya kai inda yakan ce kamfanin Hallam na alfahari da gabatar muku, sai muryarsa ta ƙi fita. Ya tsaya yana motsa baki. Orval ya ce, "Ya isa, Mista Fenske, mun haddace." Aka yage takardar gilasai, haske ya shigo. Muka matsar da kujerarsa, ya miƙa hannu ya kama gefen mayafin. Ya ja, bai motsa ba. Lorene ta kai hannu za ta taya shi, ya ce, "Bari." Ya naɗe mayafin a hannu, ya jingina baya da dukkan abin da ya rage masa. Mayafin ya zame, ya ɗan maƙale a fiffike, sannan ya zube ƙasa.

Ni da na yi aikin ma sai da na ji tsigar jikina ta tashi. Hallam ba ta taɓa fitar da mota mai kyan wannan ba.

"Ku zaga da ni," ya ce.

Muka ɗaga kujerar. Ya dubi gaba ya daɗe. Muka zo gefe, ya miƙa hannu ya shafa ƙofa, ya bi murfin da yatsa. Cletus ya runtse ido.

"Ƙofofin bara ne," in ji Orval.

Na dubi Lorene, ta riƙe baki da hannu biyu.

"'Yan banza, ko kunya ba su ji ba, ƙofofin bara suka mayar. Gilashin gaba ma shi ne." Ya yi wata 'yar dariya da ta zame masa tari. "To, ai mai kyau ba a canza shi. Ku kai ni baya."

Muka kai shi baya. Ya ga fukafukan, ya ga fitilun. Idanunsa suka buɗe.

"Del! Ina Del? Zo nan, marar imani. Dubi fitilun nan. Dube su da kyau, don na san baɗi sai kun sace su."

"Ai kuwa za mu sace," na ce.

"Cletus Wahl, kai ma ka zo? Faɗa musu, kai da ka san ƙarfe. Tarbell ta taɓa yin bayan mota irin wannan?"

"Ba ta taɓa ba," in ji Cletus, ya fita waje da sauri.

Mutane suka yi ta dariya suna share ido. Ya ce a saka shi a kujerar direba, muka ɗaga shi muka zaunar, ya ɗora hannuwa a kan sitiyari. Na ji kamar an sauke mini dutse daga ka. Mun yi. Ya ja mayafinsa, ya ga motarsa, yanzu sai ya huta. Lorene ta yi wa likita alama da kai, ya buɗe jaka.

Sai Orval ya kira ni. Na sunkuya ta taga, ya kama hannun rigata.

"Del, wannan motar za ta gama da ku."

"Za ta gama da mu."

"Ba wasa nake ba. Kafin bazara sai ka ganta a kowace ƙofar gida a gundumar nan. Duk waɗanda suka yi mana dariya, suka ce Hallam ta tsufa, sai sun yi layi a ƙofar nan. Shekara nawa nake jiran su yi irin wannan." Ya kalli titi ta gilashin gaba. Ina kallo fuskarsa ta sauya. "Ni kuma ba na nan."

"Orval..."

"Wa zai wanke su? Wa zai karɓi tirela? Za su yi ta zuwa, Del, goma-goma." Ya ƙara damƙe hannun rigata. "Ina so in gani. Likita! Ina likita? Mai da allurar nan, ba ita nake so ba. A Omaha sun ce akwai wani gashi da suke yi da haske, na ce ba na so. Yanzu ina so. Ku mai da ni. Yau ɗin nan."

Likita ya tsaya da allura a hannu.

"Lorene, na ce miki na shirya. Ban shirya ba. Ban san haka za su yi ta ba. Ku roƙa mini su, ba da yawa nake nema ba, zuwa bazara kawai. Del, kai ka iya magana, kai da kake sayar wa mutane gwangwani, je ka yi musu magana. Don Allah, Del. Don Allah."

Tun da aka dawo da shi daga Omaha ban ga hawayensa ba sai a ranar. Ya kifa kai a sitiyari yana kuka kamar ƙaramin yaro, yana cewa ba ya son mutuwa. 'Yan badujala a waje ba su san abin da ake ciki ba, suka ga an yage takarda an ja mayafi, suka saki kiɗa. Mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa kansa a ƙasa. Da muka zo fitar da shi ya ƙi sakin sitiyarin, sai da na ɓamɓare yatsunsa ɗaya-ɗaya da hannuna.

Ya rasu ranar Laraba da rana, bai yarda an yi masa allurar ba. Har ƙarshe roƙon Lorene yake ta kira masa Omaha, ita kuma tana tsaye a bakin gado da kan tarho a kunne, tana ce masa layin ne bai shiga ba tukuna.